Sojojin Baba Tauno

Bron, 6 ga Nuwamba, 2022

Yaya Hassoumi,

Assalamu alaikum. Bayan dubun gaisuwa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya sanyi, ya haƙuri da zaman ƙasar mutane? Ni dai alhamdu lillahi, sai mura da ta tare a hancina tun shigowar Oktoba.

Kada ka wahalar da kanka da tunanin wace ce. Ruwaida ce, ɗiyar Inna Hawwa ta unguwar Birni a Damagaram, ƙanwar Nasiru. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, ka ga taubasai muke, kuma in ka manta ni ban manta ba, kai ne ka ce kunnuwana sun isa a yi fifita da su. Wani ɗan Cadi mai suna Ilya ne ya ba ni adireshinka, a wajen suna muka gamu nan Lyon. Ya ce kana wankin kwanuka a wani gidan abinci a unguwar Belleville ta Paris, kuma ba ka ɗaukar waya in ba ka san lambar ba. Na gwada sau huɗu, na ga gaskiyarsa. Shi ya sa na koma ga takarda da biro.

Shekarata biyu ina karatu a jami'ar nan ta Bron, a gefen Lyon. Kwana uku a mako ina zuwa gidan wani tsoho ɗan ƙasar Finlande, Baba Tauno, mai shekara tamanin da huɗu. Aiki ya kawo shi Lyon tun yana saurayi. Matarsa ta rasu, idonsa ya yi rauni. Ya cika littattafan rubutu tara da wani labari da ya ƙaga da Faransanci a kan sojojin ƙasarsu, lokacin da suka gwabza da Rasha a sanyin 1939. Aikina in karanta masa, ya gyara, in buga a ordinata, wato kwamfuta. Babu manyan hafsoshi a ciki. Manoma biyu ne 'yan ƙauye ɗaya, Eino da Kalle, aka miƙa musu bindiga aka ce su kwanta a rami cikin daji. Eino sunan mahaifinsa ne.

Kullum sai ya tambaye ni ko abin ya yi kama da gaskiya. Ni ina na sani? Ƙarar bindiga ma a talabijin na santa. Sai na tuna ina da ɗan'uwa da ya yi soja. Ga shafi goma nan na saka maka, da izininsa. Ka karanta ka gaya mini.

Mutanen gida suna lafiya. Inna tana nan, ƙafa dai ta fara yi mata gardama. Ragon da Nasiru ya bar mata kiwo kafin ku tafi bakin Tafkin Cadi shi ma yana nan. Babbar Sallah shida ke nan ta hana a taɓa shi, tun ranar da aka kawo takarda daga bariki cewa Nasiru ya ɓace. Ba a ce ya rasu ba, ba a ce yana raye ba. Ka san ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, "mai rago" take cewa. Kullum maganarta "in mai rago ya dawo". Na san tare kuka tafi. Ba don wannan na rubuto ba, na dai ce in ba ka labarin gida.

Taubashiyarka,
Ruwaida

Belleville, 21 ga Nuwamba, 2022

Ƙanwata Ruwaida,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya. Allah ya ƙara sauƙin mura. Da kunnuwa irin naki dole iska ta riƙa samun hanya, ki nemi hula.

Na karanta takardun sau biyu a cikin jirgin ƙasan metro, har na zarce tashata. Burodin da ya daskare sai da gatari ake yanka shi, wannan ban san shi ba, mu namu narkewa kome yake yi. Amma inda Kalle ya cire takalmi bayan kwana tara yana tsoron duba yatsunsa, gaskiya ne. Inda suke musu a kan saniyar wa ta fi nono alhali ana ruwan wuta a kansu, gaskiya ne. Inda Eino ya rubuta wa gida cewa abinci har suna barin saura, cikinsa kuwa yana kuka, wannan kamar a aljihuna tsohon ya ɗauka. Yaƙi yawancinsa jira ne, da ciwon ƙafa, da tunanin abinci.

Gyara ɗaya nake da shi. Ya sa su suna yawan zancen ƙasa da tuta. A cikin rami ba wanda yake wannan zance. Mu zancen kilishi muke yi, da furar wata tsohuwa da ke bakin kasuwar Dole a Damagaram.

Kin tambayi zamana. Ɗaki ne a hawa na shida, tagarsa tana kallon rufin gidaje da tantabaru. Ina shiga aiki da hantsi, ina hutu ranar Litinin. Waɗanda muke aiki tare mutanen kirki ne, amma ba wanda yake jin harshen wani, da hannu muke magana. Wani lokaci sai in yi mako ban yi Hausa ba sai a raina. Wasiƙarki ce Hausa mafi tsawo da ta zo hannuna cikin shekara huɗu.

Ki aiko da ci gaban. In kin yi waya ki gai da Inna.

Yayanki,
Hassoumi

Bron, 11 ga Disamba, 2022

Yaya Hassoumi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Na sayi hular, kuma kunnuwan sun shiga duka biyu, sai ka nemi wani abin faɗa.

Na fassara wa Baba Tauno wasiƙarka. Ya yi dariya har da tari, ya sa na soke shafi biyu na zancen tuta. Ya ce mahaifinsa ma bai taɓa yin zancen ba, shi ne ya ƙara don a ce littafi ya yi kyau. Ya tambaye ni mene ne kilishi, na yi masa bayani, ya ce Allah ya isa tsakaninsa da haƙoransa. To, ba haka ya faɗa ba, amma haka nake jin ya nufa.

Ga babi na bakwai. Shi ne ya fi taɓa ni. An harbi Kalle a ciki lokacin da suke ja da baya, ya cika a hannun Eino. Eino ya ɗora shi a kan wani ɗan katako mai kamar kwale-kwale da ake ja a kan ƙanƙara, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ja shi kwana uku cikin daji shi kaɗai, har ya kai shi inda ake tara gawawwaki. Baba Tauno ya ce al'adarsu ce a yaƙin nan. Ba sa binne soja inda ya faɗi. Ana kai shi baya, mata su jira ƙanƙarar jikinsa ta narke, su wanke shi, a sa shi a akwati, jirgin ƙasa ya kai shi ƙauyensu, a binne shi kusa da cocin da uwarsa take zuwa. Ka ga mutanen da ba sa barin nasu a daji. Ina bugawa ina share ido, har na yi kuskure bakwai a shafi ɗaya.

Jiya na yi waya gida. Ƙanwata Kausar ta ce ragon ya zubar da haƙora, yanzu sai an jiƙa masa dussa. Inna da kanta take jiƙawa, da ƙafar nan tata. Malam Abdul'aziz na masallacin unguwa ya ce mata shekarun sun isa a yi wa Nasiru addu'ar mamaci. Ta ce masa ita ba ta ji daga bakin wanda ya gani ba.

A nan ƙarfe biyar duhu ya rufe. Daga jirgin tram sai ɗaki, daga ɗaki sai tram. In ba don tsohon nan da wasiƙunka ba, da na manta muryata.

Taka,
Ruwaida

Belleville, 30 ga Janairu, 2023

Ruwaida,

Salamu alaikum. Ina lafiya.

Mako bakwai wasiƙarki tana kan teburina. Na so in ƙyale ta, amma shirun ya fi cin raina.

"Ka ga mutanen da ba sa barin nasu a daji." Na ji. Ba sai kin bi ta Finlande kafin ki iso Belleville ba. In habaici za ki yi mini, ki yi shi da bakinki, kada ki ari bakin tsoho makaho. Tun wasiƙar farko na ga ragon nan ba a banza ya shigo ba, na yi kamar ban gani ba, don na yi kewar a kira ni yaya.

Ki gaya wa mai littafin, gawa tana jure kwana uku a ƙasarsu don ƙanƙara tana riƙe ta. A inda muka yi namu, rana ba ta ba mutum ko yini ɗaya. Kuma mu Musulmi ne, inda ƙasa ta kira mutum nan ake ba ta shi. Shi yana zaune a kujera ya sa mutum ya ja gawa kwana uku, ke kina zaune a kujera kina kuka. Ba wanda ya taɓa ɗaukar mutum a kafaɗa a cikinku.

Ga takardunsa nan na mayar. Kada ki ƙara aiko mini da su.

Hassoumi

Bron, 12 ga Fabrairu, 2023

Yaya Hassoumi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ko da kana fushi da ni. Ni lafiyata ƙalau, zuciya ce dai ba daɗi.

Wallahi lokacin da na rubuta layin nan, Finlandawa nake nufi, ban nufe ka ba. Amma ba zan rantse cewa ban saka ragon da gangan ba. Na saka. Na yi ta zagaye kamar mai neman aron turmi, ina jin nauyin in tambaye ka kai tsaye. Ka yafe mini wannan.

Ranar da takardun suka dawo, na je aiki ido a kumbure. Baba Tauno ba ya gani sosai, amma kunnensa ras. Ya ce muryata ba tawa ba ce. Na gaya masa kome, har abin da ka ce game da kujera.  Sannan ya ce in buɗe durowar ƙasa in ɗauko wani gwangwanin taba. A ciki akwai rabin wani ɗan faifan ƙarfe mai lamba. Ya ce kowane sojansu yana rataye irinsa a wuya. In ya mutu ana karya shi biyu, rabi ya zauna a jikin gawa, rabi a kai wa hukuma don a sanar da gida.

Ya ce, "Na Kalle ne. Mahaifina bai ja shi ko taku ɗaya ba. Ya jingine shi a gindin itace, ya karya ƙarfen, ya gudu da ransa. Kunya ta hana shi miƙa rabin, sai aka rubuta Kalle cikin waɗanda suka ɓace. Wurin ma bayan yaƙi ya koma hannun Rasha."

Uwar Kalle kilomita bakwai ne tsakaninta da gidan su Eino. Shekara ashirin da biyu Eino yana zama a bayanta a coci kowace Lahadi, yana kallon ƙeyarta. Ta mutu ba ta sani ba. Bayan rasuwar Eino aka sami gwangwanin, da 'yar takarda a ciki. Baba Tauno ya ce shekara talatin ya yi yana rubuta littafin nan don ya ba mahaifinsa igiya da katako. Ya ce, "Sai yanzu da na tsufa na gane matar nan ba akwati take jira ba. Wanda zai ƙwanƙwasa mata ƙofa take jira." Ya ce in gaya maka gaskiyarka ce game da kujera.

To, Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ka ce ba wanda ya taɓa ɗaukar mutum a kafaɗa a cikinmu. Wa ka ɗauka? Nasiru yana raye ko ya rasu? In ka sani, ka faɗa. Inna ta haura saba'in, kuma ba za ta taɓa tambayarka ba, ka san dalili. Ni ce na tambaya a madadinta.

Ƙanwarka,
Ruwaida

Belleville, 6 ga Maris, 2023

Ƙanwata Ruwaida,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Nasiru ya rasu. A hannuna ya cika, ranar wata Talata, shekara shida ke nan. Allah ya ba ki haƙuri.

Da hantsi aka afka mana. Motarmu ta kama wuta, kowa ya watse cikin ciyawa. Na same shi an harbe shi a ƙasan haƙarƙari. Na goya shi na yi yamma da shi. Ban san nisan da muka yi ba, na dai san takalmina ɗaya ya fita ban koma nemansa ba. Da farko yana magana. Ya ce nauyinsa duk furar tsohuwar nan ce. Ya ce kada in bar shi a nan. Na ce ba zan bar shi ba. Wajen azahar na ji hannunsa ya saki wuyana.

Na kwantar da shi a gindin wata aduwa mai rassa biyu tun daga ƙasa. Na haƙa da wuƙar bindiga da hular kwano. Babu ruwa, na yi taimama, na tsaya ni kaɗai na yi masa kabbara huɗu. Na sa shi da kakinsa, a kan damansa, fuskarsa tana kallon alƙibla. Na sara ƙaya na rufe saman don kuraye. Ni ko rabin ƙarfe ban ɗauko ba, hankalina bai kai nan ba. Yau ko an kai ni wurin ba na jin zan gane itacen.

Daga nan ban koma bariki ba. Na ci gaba da tafiya, kuma kusan a ce har yau tafiyar nake yi. Shi ya sa aka rubuta ya ɓace, don wanda ya sani shi ma ya ɓace.

Sau ɗaya na kira Inna, daga Agadas. Ta gaishe ni, ta tambayi gajiya, ta tambayi mahaifiyata, ta sa mini albarka. Na ji numfashinta tana jira. Na san ba za ta iya buɗe baki ta tambayi ɗanta na fari ba, ko da wuƙa a wuyanta. Nauyin a kaina yake in faɗa. Sai na ce a raina ai ba ta tambaya ba. Na yi mata sallama na kashe waya. Na fake a bayan kunyarta, Ruwaida, shekara shida. Wannan ya fi cin raina a kan gudun da na yi daga soja.

Ban yi shekara ashirin da biyu a bayan ƙeyarta ba tukuna, kuma ba na so in yi. Kada ki gaya mata. Ta ce daga bakin wanda ya gani take so ta ji. Ki aiko mini da lambar Kausar, ki ce ta zauna kusa da ita ranar Litinin bayan la'asar.

Ki gai da tsohon. Ki ce ya bar babi na bakwai yadda yake, kada ya soke shi. Na so a ce haka aka yi.

Yayanki,
Hassoumi

Bron, 19 ga Maris, 2023

Yaya Hassoumi,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Allah ya saka maka da alheri a kan goyon da ka yi masa, da ƙayar da ka sara. Ni ina nan, jiki lafiya.

Wasiƙarka a bakin akwatin wasiƙu na karanta ta, a tsaye, ban bi shawararka ba. Na hau sama na shimfiɗa tabarmar salla a tsakar ɗaki na zauna kwana uku, yadda ake yi a gida. Ba wanda ya sani a ginin nan, ballantana ya shigo. Ina jin maƙwabta suna wucewa da karensu. Ban taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba. A rana ta uku aka buga ƙofa. Baba Tauno ne, wanda na sanar wa ta waya, sanye da baƙar kwat, ya hau tram shi kaɗai da idon nan nasa. Ya tambaye ni abin da ake yi a wurinmu. Na ce ana cire takalmi a zauna. Ya cire, ya zauna a kujera don gwiwa ba ta kai shi ƙasa. Awa guda ya zauna tare da ni, sannan na raka shi tasha.

Na san abin da kuka yi da Inna a waya, amma ba ka san abin da ya biyo baya ba. Kausar ta ce tambaya ɗaya ta yi maka, ko ya kalli gabas, ka ce ya kalla. Da ta miƙa wa Kausar wayar ba ta yi kuka ba. Ta yi alwala, ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai magariba. Washegari aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Malam Abdul'aziz ya zo, unguwa ta cika. Ta ce a gaya maka ba ta riƙe ka da kome ba, kuma ka riƙa ɗaukar waya.

Ranar sadakar uku, kawu yana maganar a je kasuwa a nemo dabba, sai Inna ta fito da kwanon dussa a hannu. Ta tsaya a turke har ragon ya cinye, ta shafa kansa. Kausar ta ce tun da aka haife mu ba wanda ya taɓa jin sunan ɗanta na fari a bakinta sai ranar nan. Ta ce, "Ba sai an je kasuwa ba. A kwance ragon Nasiru."

Naman ya yi tauri, in ji Kausar, amma ba gidan da bai samu ba.

Azumi ya ƙarato. Daga Paris zuwa Lyon awa biyu ne a jirgin ƙasa, kuma kana hutu ranar Litinin. Ban iya fura irin ta tsohuwar kasuwar Dole ba, amma ina da gero.

Ƙanwarka,
Ruwaida